Hannu Biyu a Sama, Babu Hukunci

Ku da kuke bin wannan labari, kun san ni ba mai dogon zance ba ne. Abin da ya faru a makon nan zan faɗa muku, yadda ya faru. Wanda zai yi dariya ya yi, an riga shi.

Ga wanda yau ya shigo: ni mai walda ne, kuma alƙalin ƙwallon kwando. Ƙofofi da tagogi su ne abincina, usur kuwa shi ne mutuncina. A cikin fili gashina ya yi fari. Matata ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Yara sun watse da iyalansu, saura ni da Auta a gida. Sai kuma Malama.

Malama abokiyar aikina ce a fili. Wasanni take koyarwa a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Mijinta ya riga matata tafiya. Tun gwiwoyinmu na da ƙarfi ake haɗa mu wasa ɗaya, don masu rabon wasa sun san in aka haɗa mu za a tashi lafiya.

Sai kun gane aikin kafin ku gane sauran. Mu biyu ne a fili. Ɗaya yana tsayawa ƙarƙashin kwando, bayan layi, ɗaya yana bin 'yan wasa daga baya. Kowa da yankinsa. Abin da ya faru a yankin abokinka, ko ka gani, ka haɗiye usur ɗinka. Amma akwai tsakiya, inda yankunan suka haɗu, kuma nan aka fi yin karo. Mai ƙwallo ya taho a guje, mai tsaro ya tare gabansa, su gwabza, su zube. In mai tsaro ya riga ya kafa ƙafa, laifin mai ƙwallo ne, sai ka dunƙule hannu ka daki tafinka. In bai kafa ba, nasa ne, sai ka riƙe ƙugu da hannu biyu. Masifar ita ce ku busa tare, wannan ya daki tafi, wancan ya riƙe ƙugu. Na taɓa ganin an yi haka. Kujeru suka tashi sama. Ta ƙofar baya aka fitar da alƙalan, ɗaya babu takalmi.

Shi ya sa aka koya mana: in kun busa tare, ka ɗaga hannu a dunƙule kawai, kada ka nuna komai. Ka nemi idon abokinka. Wanda wasan ke tahowa wajensa shi zai yanke, ɗayan ya sauke hannu ya yi shiru. Ni da Malama muna da tamu alama. Mai ɗauka ya taɓa ƙirji. Mai bari ya sauke haɓa kaɗan. 'Yan kallo ba sa gani. Ba mu taɓa saɓani ba, kuma ina faɗa da ƙarfi don gaskiya ne.

Babu idon da na kalla a duniya kamar nata. Da farko aiki ne ya sa. Bayan gidana ya yi shiru, sai ya zama ba aiki kaɗai ba. Ban faɗa mata ba.

Farkon makon nan ina tsugune a shago ina haɗa ƙafar gado, waya ta motsa a aljihuna. Na ɗage gilashin walda, na goge hannu a wando. Ita ce.

"Alƙali, barka da aiki. Wasan Asabar shi ne na ƙarshe a wajena. Injiniya ya zo, ya ce gidan ya yi mini girma ni kaɗai. Lahadi za mu tafi. Ka zo da sabon usur, naka ya fara kukan agwagwa."

Injiniya ɗanta ne, shi ke nan gare ta namiji. Garin da yake aiki, sai mota ta wuni tana tafiya. Na karanta, na sake karantawa, har ƙarfen da ke gabana ya huce. Na fara rubutu. Na goge. Na sake farawa, na kai har "Malama, ina so," yatsana ya ƙi gaba. Na goge. Abin da na tura shi ne: "To. Allah Ya kai mu."

Ta maido mini da hoton babban yatsa. Shi ke nan.

Da yamma ina falo, a kan kujerar ƙarfen da na haɗa da hannuna, fanka tana ta ƙorafinta a sama. Auta ta dawo daga asibitin da take aiki, ko farar rigar ba ta cire ba ta kafa teburin guga tana goge mini rigar alƙalanci, mai ruwan toka. A bayanta ƙofar ɗakin mahaifiyarta ce, a kulle tun bayan rasuwa. Mabuɗin yana jakar Auta.

"Baba, shayinka ya huce."

"Na gani."

"Ka zuba sukari, ka manta, ka sake zubawa."

"Gidana ne, sukarina ne."

Ta juya rigar ta hau wuya da guga. "Malama ce za ta tafi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Wayarka ka bari a tebur, ita kuma ba ta da sirri, ta haska. Me ka ce mata?"

"Na ce Allah Ya kai mu."

Ta dire gugar. "Baba! Ko mai kawo maka ƙarfe ka fi yi wa dogon jawabi."

"Kula da rigar nan, kada ki ƙona."

Ba a jima ba babban ɗana ya kira. Na san daga ina ya ji. Auta ta sunkuyar da kai tana naɗe wayar guga kamar ba ita ba.

"Baba, muna ta jin maganganu. Ni dai ban so in yi magana ba."

"Ga shi kana yi."

"A shekarunka, Baba? Jikokinka sun san komai yanzu. Kuma ɗakin Mama fa? Wata ce za ta shiga ta buɗe durowarta, ta rataya kayanta a inda Mama take ratayawa?"

"Ka gama?"

"Na gama."

"To gaida yaran."

Na kashe. Amma maganar durowar ta zauna mini a ƙirji. Ni na haɗa durowar nan, madubinta ma tare muka zaɓo.

Kada ku ce tsoron yaro ne ya rufe mini baki. Ba a haifi ɗan da zai tsorata ni ba. Lissafina daban ne. Malama ba ta ɓoye abin da ta gani. Na ga ranar da ta kori wani koci mai faɗin ƙofar gareji daga fili, ko murya ba ta ɗaga ba. Na ce a raina, mace irin wannan, da akwai wani abu a ranta da ta nuna. Tunda ba ta nuna ba, babu. Ni kuwa ba zan je in yi hukunci a yankin da ba nawa ba, a wayi gari tana jin nauyin gaishe ni. Sai na yi abin da na iya. Na riƙe, ina kallonta, ina jira.

Asabar na isa zauren wasa da wuri. Ta riga ni. Tana zaune a benci a lungun da ke bayan ɗakin canza kaya, rigarta mai ruwan toka mai dogon hannu, baƙin wando mai faɗi, baƙin ɗankwali ta ɗaure shi tam ta soke da fil. Lungun yana warin man zafi, nata da nawa. Nan muke zama kafin kowane wasa mu daidaita baki.

"Sabon usur?"

"Tsohon."

"Taurin kai."

"Shi ya san bakina."

"Tsakiya fa?"

"Kamar kullum. Ido tukuna."

"Ka kula da lamba tara na masu ja. Tun kafin a taɓa shi yake faɗuwa."

"Na san shi. Ubansa ma haka ya yi ta yi mana."

Ta yi dariya, gajeriya, irin tata. Sannan ta ce, "Babu wani abu kuma?"

"Babu."

Ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta da ke ɗaure lafiya lau, ta sake ɗaurewa.

Zaure ya cika. Masu jar riga da masu fara, wasan ƙarshe na gasa, ba mai barin wani ya yi nisa. Na hango Auta a sama cikin mutane, na hango Injiniya kusa da ƙofa yana latsa waya. Muka yi aikinmu. In ta busa a yankinta, ni kurma ne. In na busa a nawa, ta juya ta tsare sauran 'yan wasa. Duk laifi mu sauya wuri, mu wuce juna a tsakiya, ƙamshin sabulunta ya biyo ni har ƙarƙashin kwando. Duk wucewa sai in ce a raina, saura kaɗan ka daina jin wannan.

Ana dab da tashi, ci ya yi kunnen doki. Ina ƙarƙashin kwando. Lamba tara ya karɓi ƙwallo ya taho kamar an koro shi. Wani dogo cikin masu fara ya tsaya masa daidai tsakiya, ƙafafu a kafe, hannu a ƙirji. Suka gwabza. Usur biyu suka tashi tare, nata siriri, nawa na agwagwa. Hannu biyu a sama.

Na nemi idonta. Yana nan yana jirana.

Wajena wasan ya taho. Nawa ne, yaron da ya fara jiya ma ya sani. Amma sai zuciya ta ce mini, wasanta ne na ƙarshe, bar mata ta yanke babban hukuncin ranar, ta tafi da shi. Na sauke haɓa. A daidai lokacin ita ma ta sauke tata, kamar yadda doka ta ce. Na sauke hannu. Ta sauke.

An tsayar da agogo. Yara biyu suna kwance a ƙasa suna kallonmu. Masu rubuta maki a tebur sun ɗaga biro suna jira. Babu wanda ya daki tafi, babu wanda ya riƙe ƙugu.

Zauren ya yi tsit, sannan ya fashe.

"Alƙali! Kun busa ne don ku gaisa?" Kocin masu fara ke nan, wani mai tumbi.

"Laifin ƙwallon ne, a kore ta!" in ji wani daga sama.

"A ɗaura musu aure mu huta!" Wannan muryar mace ce. Dariya ta zagaye zauren. Kunnuwana suka yi zafi kamar na kanga su a wutar walda.

Muka haɗu a tsakiya, muka juya wa bencin 'yan wasa baya.

"Me ka gani?"

"Dogon ya kafa ƙafa. Laifin lamba tara."

"Shi na gani."

"To me ya hana ki ɗauka?"

"Wajenka ya taho. Kai me ya hana ka?"

"Wasanki ne na ƙarshe. Na bar miki."

Ta dube ni, irin kallon da take yi wa koci kafin ta kore shi. "Ka bar mini. Wa ya roƙe ka? Je ka tebur ka faɗa."

Na je. Na nuna lamba, na daki tafi. Kocin masu ja ya yi tsalle ya dire, ya ce sai da muka yi taron dangi kafin mu cuce shi. Yana da hujja. Masu fara suka ci. Ban ma dubi allon maki ba.

Bayan an tashi aka kira ta tsakiyar fili aka ba ta ƙaramin kofi, aka tafa. Na tsaya a gefe. Da mutane suka ragu muka koma bencin lungu. Ta cire takalma ta jera, ta ajiye kofin tsakaninmu.

"Alƙali, yau mun yi abin kunya."

"Mun yi."

"Duk tsawon aikin nan saɓani nake tsoro. Ashe akwai wanda ya fi shi. Mutum biyu su ga abu ɗaya, kowa ya sauke hannu."

Na juya usur a hannu.

"Ba zancen ƙwallo kaɗai nake ba, kuma ka sani. Ni mace ce, ga ɗa babba, ga jikoki. Ba daga bakina za ta fara fitowa ba. Na jira ka, ban kuma ji haushin jiran ba, don na san halinka. Amma Injiniya Talata yake komawa aiki."

Ni da na tsaya gaban zaure cike da masu zagi ban girgiza ba, na rasa kalma ɗaya. Hon ɗin mota ya yi ƙara a waje. Ta zuba takalman a jaka, ta sa silifa, ta ɗauki kofinta.

"Da hantsi za mu tashi," ta ce. Ta fita. Na bi sautin silifar da kunne har ya ɓace.

Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Tun daga tsakar gida na ga abin da ban gani ba tun rasuwa: tagar ɗakin matata a buɗe, labule yana motsi. Auta tana ciki da tsintsiya, ɗankwali a hanci, idanu jajur.

"Wa ya sa ki?"

"Ɗakin yana son iska."

Na tsaya a bakin ƙofa. Gadon yana nan da shimfiɗarsa. Ga durowar, ga madubin ya yi ƙura. Ƙamshin turarenta bai gama fita ba.

"Na ga abin da kuka yi a fili," in ji Auta. "Ni kunya ta kama ni, na ce wa ta kusa da ni ban san ka ba."

"Ki kiyaye ni."

Ta zo ta kama hannuna ta sa mini mabuɗin, ta rufe yatsuna a kai. "Durowar Mama ni zan kwashe da hannuna. Ba mai taɓawa sai ni. Wannan ne sharaɗina."

"Yayanki fa?"

"Yaya yana da mai haɗa masa shayi. Kai kuwa ni kake jira in dawo daga aiki, ni ma ba dawwama zan yi a gidan nan ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ka ɗauka ban iya jin zafi ba ne? Ina ji. Amma na gaji da ganinka kana magana da fanka."

Da safe na sa doguwar rigata fara da nake ajiyewa don manyan taruka. Auta ta fesa mini turare ba da izinina ba, ta gyara mini hula, ta ce in na dawo da "Allah Ya kai mu" ba za ta buɗe mini ƙofa ba. Na hau babur.

Gidan Malama yana ƙarshen layi, mai koren get. Ni na haɗa get ɗin. Mota tana waje, but a buɗe, akwatuna har saman rufi. Injiniya yana tsaye a kan taya yana jan igiya.

"Baba Alƙali! Sannu da zuwa. Ka zo bankwana?"

"A'a. Wajenka na zo. Sauko."

Ya sauko, igiyar a hannunsa.

"Auren mahaifiyarka nake nema. Ina da gida, ina da sana'a, ina shan maganin hawan jini. Ba ni da fara'a, ta sani. Shi ke nan."

Igiyar ta sulale. Akwati ɗaya ya karkace a kan rufi.

Ashe Malama tana bayan get. Ta fito da jakar hannu, doguwar riga shuɗiya, mayafi mai ruwan madara, gilashin karatu a rataye a wuya. Ban saba ganinta ba kayan fili ba. Na ga kamar yau na fara ganinta.

"Mama?" in ji Injiniya. "Kin ji abin da ya ce?"

"Kunnena lafiya lau."

"Amma mun gama magana. Yara sun gyara miki ɗaki, har fenti aka yi."

Ba ta dube shi ba. Ni take kallo. Na tsaya ban sauke haɓa ba.

"Sauke mini jakar takalmana da akwatin magani," ta ce.

"Sauran fa?"

"Su zauna a mota. Shi ma yana da babban ɗa, kuma na ji labarin ba ya so. Ba zan shiga gidan da za a riƙa gaishe ni da gefen baki ba. Sai na ji daga bakin ɗan." Ta juyo gare ni. "In bai yarda ba, Alƙali, gobe da asuba ina cikin motar nan."

Ba ta rufe baki ba waya ta motsa a aljihuna. Na ciro. Sunan babban ɗana ne yake haskawa. Auta ba ta iya riƙe magana ba, tun tana ƙarama.

Injiniya yana kallona, jakar takalma a hannunsa. Malama tana kallona. Na ɗauka.

"Baba, me nake ji haka?"

"Nemi wuri ka zauna," na ce. "Yau ni zan yi dogon zance."